Kujerar Sallar Falmata

Ruwan da aka yi ran wata Talata cikin watan Agusta, har yau mutanen Fagge ba su manta da shi ba. Tun da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, gari ya yi duhu kamar magariba ta kawo kai. Da ya tashi sauka kuwa, sai ya sauka da ƙarfinsa. Kafin azahar kwatoci sun cika sun tumbatsa, ruwa ya bi lunguna yana shiga gidaje ta zaure. Da ya juya zai fita daga gidan Malam Goni mai huluna, sai ya tafi da abin da ya samu a tsakar gida: buta, murfin tukunya, takalmi wari ɗaya, da wata farar kujerar roba.

Kujerar nan ta Falmata ce, matar Malam Goni, kuma a kanta take salla. Ta shekara da shekaru tana yi a zaune, saboda nauyin jiki da ciwon gwiwa.

Da aka kira la'asar sai ta duba ba kujera. Ta ce to, yau ɗaya dai. Ta shimfiɗa darduma a ɗaki inda ruwa bai kai ba, ta tayar da kabbara. Tsayuwa ta yiwu, ruku'u ya yiwu. Da ta zo sauka sai gwiwoyi suka saki, ta tafi a kan hannuwa. Ta miƙa wuya, ta ƙara miƙawa, ciki da ƙirji suka tokare ta, numfashi ya ɗauke. Tsakanin goshinta da dardumar bai fi taƙi ɗaya ba, amma taƙin nan ya ƙi rufuwa. Tashi kuma ya gagara. Sai da 'yarta Jawahir ta kama ta nan, Malam Goni ya kama ta can, sannan aka ɗora ta a bakin gado tana haki.

Malam Goni mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Falmata, ai addini bai matsa miki ba. An yi miki rangwame, ki yi a zaune."

Ta ce, "Na sani, Malam. Allah Ya yi mini rangwame. Ni ce ban yi wa kaina ba. Wallahi sai goshin nan ya taɓa ƙasa kafin a sa shi a ƙasa."

Washegari wani maƙwabci ya tsinto kujerar a bakin kwalbati ya kawo. Ta wanke ta, ta ci gaba da salla a kai, amma tun daga ranar kallon abokiyar gaba take yi mata.

Wanda ya ga Falmata a lokacin ba zai yarda cewa da siririya ce ba. Kakanninta Barebari ne, fatauci ya kawo su daga Borno suka sauka a Fagge ba su koma ba. Nan aka haife ta, nan ta tashi, doguwa kamar sillen kara, har yaran layi suna kiranta Tsinke. Da aurenta ya matso sai gwaggonta ta dube ta sama da ƙasa ta ce ba za a kai ƙasusuwa gidan mutane a ce daga gidansu aka fito ba. Aka sayo mata sha-ka-fashe, ƙwayoyin nan da mata ke sha don su yi ƙiba, masu sa barci da cin abinci ba ƙoshi. Ta sha, ta yi ta barci, ta tashi ta ci, ta koma. Ranar ɗaurin aure kumatu sun fito, wuya ya cika, kowa na cewa tubarkalla. Daga nan jikin bai ƙara tsayawa ba. Haihuwa ta ƙara nata, zaman gida ya ƙara nasa.

Sana'ar da ta gada kuwa ita ce gyaran amare. Ita ke haɗa turaren wuta da humra, ita ke yin dilka, wato curin nan mai ƙamshi da ake murje fatar amarya da shi har ta yi sheƙi. Daga Kwaciri, daga Rijiyar Lemo, har daga cikin birni ana kawo mata 'yan mata. Ba ta da allon talla a ƙofar gida, jikinta ne allon. Uwar amarya na shigowa ta ga damatsan nan suna ƙyalli, sai hankalinta ya kwanta, ta ce wa 'yarta, "Kin ga hannun da zai gyara ki." In amaryar siririya ce, akan haɗa mata har da 'yar ƙwayar nan, kamar yadda aka yi wa Falmata.

Bayan ruwan nan Jawahir ta raka ta asibiti. Likitar wata yarinya ce sa'ar Jawahir ɗin, ta auna ta, ta ce jini ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa. Ta ce, "Mama, jiki kamar murhu yake. Abin da kika ci itace ne. Da kina yarinya wutar na ci bal-bal, duk abin da aka tura sai ta cinye. Yanzu wutar ta lafa, ke kuma ba ki rage itacen ba."

Falmata ta ce, "To rubuta mini ƙwayar da za ta tayar da wutar. Ƙwaya ce ta kawo ni nan, ƙwaya ta mayar da ni."

Likita ta yi dariya ta ce, "Ba ni da ita, Mama. A rage itace, a yi fifita. Fifitar kuwa tafiya ce da ƙafa."

Falmata ba ta gamsu ba. Ta hau adaidaita sahu sai Sabon Gari, wurin Chimezie mai kemis, wani Ibo haifaffen unguwar, wanda Hausa ke zuba a bakinsa kamar ɗan Fagge. Tun zamanin mahaifinsa take sayen magani a shagon. Ta ce ya ba ta shayin rage ƙiba da 'yan mata ke ta magana a waya.

Chimezie ya riƙe baki. "Mama, ke ma? Ni na rasa gane kanku. Da safe 'yan mata su zo neman na ramewa, da yamma iyayensu su zo neman na ƙiba. Kin ga kantar can, gefe da gefe na jera su, don kada in wahala."

"Miƙo na ramewar."

"Da hawan jinin nan naki? Ni dai ban ba ki shawara ba."

"Shawara na zo saya ko shayi? Miƙo, ɗan nan, rana na yi."

Ya miƙo yana girgiza kai.

Shayin nan bai rage komai ba sai ruwan jikinta. Ya mayar da ita 'yar zaryar bayan gida, buta ba ta hutawa. Idanu suka zurma, ƙafafu suka yi sanyi, zuciya na bugawa kamar ana daka. Rannan tana tsakiyar murje wata amarya sai jiri ya ɗebe ta, saura kaɗan ta danne yarinyar mutane. Amarya ta yi ƙara ta mirgina gefe, dilka ta watse a tabarma. Da Falmata ta dawo hayyacinta, ta sa aka kawo mata kwalin, ta juye sauran a kwata. Bayan kwana biyu ɗan abin da ya ragu ya dawo har da riba.

Da yamma tana zaune gaban kaskon turare sai maganar likita ta faɗo mata. Ita fa ta san wuta. Ta san in garwashi ya lafa ba a zuba masa kananzir, don zai tashi fuu ya ƙone turaren ya bar ƙauri. Toka ake kaɗewa, a ɗauki mafici a yi ta yi a hankali har ya yi ja. Ta dubi kaskon ta ce, "Ashe yarinyar nan ta san abin da take faɗa."

Washegari da gari ya yi haske, Malam Goni zai tafi rumfarsa a Kantin Kwari, sai ya ga mutum a bayansa da hijabi da takalmin roba.

"Ina zuwa?"

"Rakiya."

"Shekara talatin ba ki raka ni ba sai yau?"

"Yi gaba, Malam, kada ka sa in fasa."

Ranar farko bakin titi kawai ta kai, ta zauna a dakalin wani mai shayi tana numfarfashi. Amma ta sake fitowa gobe, ta fito jibi. 'Yan adaidaita sahu suka sa ta gaba. Wani ya tsaya ya ce, "Hajiya, hau mu je, amma fa ke kaɗai kin cika bayan!" Ta ce, "Wuce, tayoyinka su yi mini godiya." Sannu a hankali ta kai Kantin Kwari. Daga baya har kasuwar Sabon Gari take takawa ta sayo itacen turare da farce da miski, ta dawo da ƙafarta.

A gida kuma ta rage malmalar tuwo, ta yawaita ganye, ta rabu da lemon kwalba. Wanda ya fi yi mata ciwo shi ne shayi. Babarbariya da shayi ba suga! Ta ce ɗanɗanonsa kamar ruwan wankin kasko, amma ta runtse ido ta shanye.

Damina ta wuce ba ta ga komai ba. Aka yi kaka, shiru. Sau da yawa ta zauna a kujerar nan bayan sallama tana jin kamar ta haƙura. Sai wata safiya tana ɗaura zani ta ji bakin zanin ya wuce inda ya saba tsayawa. Ta kwance ta sake ɗaurawa, ya sake wucewa. Ba ta gaya wa kowa ba, murmushi kawai ta yi.

To, ba a daɗe ba mutane suka gani da kansu, kuma daga nan wata wahalar ta fara. A Fagge in aka ce wa matar aure "kin rame", ba yabo ba ne. Tambaya ce aka dunƙule: ciwo ne, ko yunwa, ko baƙin ciki? Tun tana amsawa da dariya har abin ya ishe ta. Wata rana ta dawo daga tafiyarta, gumi sharkaf, sai ta tarar da matan layi sun cika tsakar gida, ga lemo ga kankana a leda.

"Sannu Falmata. Ya jiki?"

"Jikin wa?"

"Haba, ai ba a ɓoye ciwo. Allah Ya sa kaffara ne."

"Ku da kuka zo dubiya, wacece a cikinku za ta iya takawa Sabon Gari ta dawo? Ta tashi mu je yanzu."

Ba wadda ta tashi. Da suka fita sai ta ji wata na cewa a zaure, "Kin ji ƙarfin hali. Irin ciwon nan haka yake sa su."

Kasuwa ma ta fara ja da baya. Wata Hajiya daga Rijiyar Lemo ta kawo 'yarta, ta zauna, aka gaisa. Idonta na kan ƙashin wuyan Falmata da ya fara leƙowa. Can ta ce, "Yarinyar ba ta da jiki, a haɗa mata da ƙwayar nan."

Falmata ta ce, "Dilka zan yi mata, da turare, da abinci mai kyau. Ƙwaya kam na daina."

"To ai shi ke nan. Dama wadda ta kasa riƙe nata jikin, ina za ta cika na wata?" Ta ja hannun 'yarta.

Falmata ta raka su har zaure ta ce, "Ki gaishe da gida, Hajiya. In ta kai shekaruna, ki tanadar mata kujera."

Wadda abin ya fi damu ita ce Kubura, ƙanwar Malam Goni, da ke aure a Kwaciri. Mace ce mai son Falmata tsakani da Allah, ga baki ga zafin nama. Ta sami yayanta a rumfa gaban abokan ciniki ta ce, "Yaya, in kasuwa ce ta ƙi, ka faɗa mana a taru a rufa asiri. Ana ta zagin gidanmu, wai ka bar matarka da yunwa."

Malam Goni ya ce, "Je ki tambaye ta. Ni ma nawa tuwon bai tsira ba."

Kubura ba ta tambaye ta ba. Sai ta fara aiko da kunun gyaɗa kullum da safe, da saƙon cewa ba suga a ciki, don ta san dokar Yaya Falmata. Falmata ta ji daɗi, ta ce ko ba komai yarinyar nan ta fara fahimta. Tana dawowa daga tafiya sai ta shanye.

Cikin 'yan kwanaki sai barci ya sauko mata. Tana daka turare tana gyangyaɗi. Ta tashi da wata yunwa mai rawar hannu, ta cinye nata ta leƙa tukunya. Fitar safe ta fara gagara. Fuska ta yi fam, zani ya fara komawa gidansa na da. Matan layi suka shiga yi mata barka. "Alhamdulillahi, jiki ya fara dawowa. Kin ga yadda kika yi kyau?"

Wata rana da hantsi ta farka a kan tabarma, kofin kunu a gefenta, bakinta a bushe, kanta kamar an ɗora dutse. Ta kwanta shiru tana sauraren jikinta. Ta san barcin nan. Ta taɓa yin sa, a ɗakin gwaggonta, da lalle a ƙafa. Ta ɗauki kofin ta lakaci abin da ya kwanta a gindi ta sa a harshe. Ƙarƙashin gyaɗa da tsamiya akwai wani ɗan ɗaci da ba na kunu ba.

Ta sa hijabi, ta ɗauki kwanon da aka aiko kunun a ciki, ta taka har Kwaciri da ƙafa, rana na dukanta. Ta tarar da Kubura na tsince shinkafa.

"Lale, Yaya Falmata! Kai, tubarkalla, kumatu sun..."

Falmata ta dire kwanon a gabanta. "Me kike daka mini a ciki?"

"Gyaɗa mana."

"Kubura, ni na yi miki gyaran aure. Da hannuna na ba ki ƙwayar nan. Ni za ki ɓoye wa ɗacinta?"

Kubura ta ajiye faranti, ido ya cicciko. "To ya kike so in yi? Ko'ina na shiga sai a ce matar yayanki fa? Wasu na cewa yunwa ce, wasu na cewa ciwon da ba a faɗa ne. Ranar sunan gidan maƙwabcinku Nu'uman, da kika tashi daga tabarma, wata ta ƙi shan ruwa a kofin da kika sha. Ni na gani da idona! Taimakonki na yi."

"Taimako? Likita ta ce suga na bakin ƙofa, ke kin je kin buɗe masa kin shimfiɗa masa tabarma."

"Ni ban san wannan ba. Ni dai na ga kina ƙarewa."

"Ba ƙarewa nake ba, ragewa nake. Tsaya in tambaye ki. Yau da asuba da kika yi sujada, me kika ji a goshinki?"

Kubura ta ce, "Me zan ji? Darduma mana."

"To ni rabona da jin dardumar nan tun Jawahir na firamare. Ke kina samu sau nawa a rana, ko lura ba kya yi. Shi nake nema. Masu magana su yi ta yi. Su ce yunwa, su ce ciwo, su fasa kofin in sun ga dama. Ranar da na kife a ɗaki na kasa tashi, wacece a cikinsu ta zo ta ɗaga ni?"

Kubura ta fashe da kuka tana cewa a yafe mata. Falmata ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Na yafe. Share hancinki, uwar 'yan taimako. Kunu kuma ki ci gaba da aikowa, don kin iya damu. Amma ke za ki riƙa kawowa, ki sha rabi a gabana."

Kubura ta yi dariya cikin hawaye. "Ni da nake neman ragewa?"

"Au! Ashe kin san ciwon."

Ta koma asibiti ta faɗi abin da ya faru, aka duba ta, aka gaya mata yadda za ta bi. Abin da ta tara a watanni ya zube a 'yan makonni, sai ta sake ɗaukowa daga farko. Wannan karon ba ta ma tsaya amsa wa kowa ba. In aka ce "kin rame", sai ta ce "Alhamdulillahi", ta wuce. 

Wata damina ta zo ta wuce. Ran wata Alhamis, ba biki ba salla, aka kira azahar. Malam Goni na kasuwa, Jawahir na wanke-wanke a tsakar gida. Falmata ta yi alwala ta shiga ɗaki. Ta dubi kujerar, ta sa ƙafa ta ture ta jikin bango. Ta tayar da kabbara. Da ta zo sauka ta tafi a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma suka riƙe. Ta sa tafukan hannu. Ta sunkuya.

Goshi ya sauka. Hanci ya sauka. Sai ta ji ƙamshi, turaren da ta shekara tana yi wa ɗakin ashe duk ya taru a cikin dardumar nan, ita ba ta taɓa kusantarsa ba. Ta daɗe a wurin, har Jawahir ta leƙo ta yar da soso ta yo kanta da gudu, tana zaton faɗuwa ce irin ta rannan. Kafin ta kai, sai ta ji uwar ta ce Allahu Akbar, ta ɗago da kanta.

Da ta idar ta dafa bango ta miƙe, ba wanda ya kama ta. Ta ce, "Ɗauke kujerar nan ki kai waje."

Falmata na nan a Fagge, a gidan da ruwa ya shiga. Har yanzu mace ce mai jiki, Tsinke bai dawo ba, kuma ba shi take nema ba. Amaren da ake kawo mata sun ragu, waɗanda ke zuwa sun san ba a ba da ƙwaya a gidan. Tana shan maganin hawan jininta, tana raka Malam Goni kasuwa kowace safiya. Kubura na kawo kunu ta sha rabi. Salla biyar a ƙasa take yin su, sai ranar da gwiwa ta tashi sosai. Kujerar tana tsakar gida, a kanta ake shanya turare.